Gorin da muke wa waɗanda aka damfara ne ke ciyar da 'yan rancen bogi

Tallan "rance babu kuɗin ruwa" da ya cika Facebook da zaurukan WhatsApp na Bauchi ya ishe ni. Amma abin da ya fi sosa min rai shi ne bakin jama'a idan an damfari wani. Nan da nan sai ka ji "kwaɗayi mabuɗin wahala", ko "ai shi ya je cin riba".

Wace riba? Ɓarayin nan sun karanci mutanenmu sarai. Sun san mai sayar da atamfa a Kasuwar Wunti ba za ta kusanci bashi mai ruwa ba, shi ya sa suke buɗe zance da sallama da "Hajiya, tallafi ne irin na Musulunci". Sai a ce ta tura kuɗin fom. Gobe kuɗin inshora, jibi kuɗin buɗe asusu, kowanne ɗan kaɗan, yadda za ta ga asara ce ta janye bayan ta riga ta zuba. Daga ƙarshe a nemi BVN ɗinta da lambar sirrin da banki ya turo mata a waya, a share asusun tas, a toshe layinta. Gudun haram ne ya kai ta hannunsu, mu kuma muna majalisa muna kiranta mai kwaɗayi.

Masu cewa a yi haƙuri da abin da ake da shi, su je kasuwar Muda Lawal su tambayi farashin buhun masara tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Hukumomi sun ɗan motsa, gaskiya. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin ba da rance na Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi. A Maris ɗin 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu manhajojin rance a Legas, daga baya kuma ta wajabta musu rajista. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa hotuna da lambobin wayar mutane. Duk wannan ya shafi mai ofis da suna ne. Wanda ke zaune da layi ɗaya da hoton takardar rajistar kamfani ta CAC ta bogi, wa zai kama shi idan ba a kai ƙara ba? Kuma wa zai kai ƙara alhali ya san gori ke jiransa a gida da masallaci? Magidanci ya gwammace ya haɗiye asarar da a ce a unguwa an yi masa wayo, shi kuwa ɓarawon ya wuce kan maƙwabcinsa da labari iri ɗaya.

Ƙa'idar ba ta da wuya: mai ba da rance na gaskiya ba ya neman ka tura masa kuɗi kafin ya ba ka, kuma babu bankin da ke tambayar lambar sirri a waya. Idan manhaja ce, a duba sunanta a jerin da FCCPC ta amince da su. Idan ya ce shi ƙaramin banki ne, a nemi lasisinsa na Babban Bankin Najeriya.

Limamai da shugabannin kasuwa su riƙa faɗin wannan a fili, kuma duk wanda aka cuta a raka shi ofishin 'yan sanda ko EFCC da lambar asusun da ya tura wa kuɗin, domin ta nan ake iya bin sawun ɓarawon.