Ku je ku kwanta, don Allah

Abin da aka yi wa baiwar Allar nan a gurup ɗin unguwa rashin kunya ne, kuma na ga har yanzu wasu na yawo da hoton maganarta suna dariya. Mace ta yi shekaru tana awon jinin mutane a gidan likita, tana ganin ƴan shekara talatin na shigowa da hawan jini, ta ce a rage shayin dare, a ajiye salula bayan isha'i, a ɗan taka ƙasa da safe. Iyakar laifinta ke nan. Sai aka yi mata ca, wai shawarar masu ƙoshi ce, wai ba ta san kuɗin tiyar gero ba. Wani ma, kun san shi, ya rubuta mata: “Hajiya, talaka bai da lokacin damuwa.” Ku koma ku dubi sa'ar da ya tura saƙon. Biyun dare ta gota. Allah sarki, lallai bai da lokaci.

Ni maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji da ni: ku je ku kwanta. Rabin abin nan da muke kira damuwa, da cunkushewar kai, da saurin fushi, rashin barci ne tsagwaronsa.

Ku zo mu leƙa fada ɗaya ta masu shan shayi a nan Maraɗi, ko a unguwar Zariya, ko Bagalam, ko Ali Dan Sofo, duk kanwar ja ce. Sha ɗayan dare an hura gawayi, an ɗora buta, an zuba ganyen shayi da sukari ba awo. Mai dafawa ya ɗaga hannu sama yana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi. Na farkon nan mai ɗaci, shi kowa ke jira. Kafin na biyu ya nuna, fuskoki duk sun yi shuɗi da hasken salula, ba mai kallon ɗan'uwansa. An sayi forfen dare saboda ya fi arha, to dole a cinye shi kafin gari ya waye, kada a yi asara. Wannan na kallon bidiyon mutanen da aka kashe a wata ƙasa, wancan na zagin wanda bai taɓa gani ba kan siyasa, na ukun na kallon gidan wani Alhaji yana lissafin shekarunsa da nasa. In ka tambaye su, sai su ce hutawa suke. Wace hutawa?

Sinadarin da ke cikin shayi da kofi, wanda ke hana gyangyaɗi, sai ya yi wajen awa 5 kafin jiki ya kawar da rabinsa. Ka sha sha ɗayan dare, ƙarfe huɗu na asuba rabinsa na nan cikin jininka. Kuma ba gajiyar yake cirewa ba, toshe saƙonta yake yi kada ya isa ƙwaƙwalwa. Gajiyar tana nan tana jiranka. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma a cikin barcin ne bugun zuciya ke lafawa, ƙarfin jini ya sauka. Wanda ya kwanta uku ya tashi biyar da rabi ya hana jikinsa wannan saukar. Gari na wayewa sai ka gan shi bisa kabu-kabu idanu jawur, ya yi faɗa da fasinja kan dala biyar, ya yi faɗa da mai adaidaita, ya dawo gida ya daka wa yaro tsawa don ya zubar da ruwa. Da rana jiki ya mutu, sai a ƙara shayi. Wasu kuma su wuce shayi su kai ga taramol, kuma mun san inda wannan hanyar ke ajiye mutum.

Na san abin da za ku ce. Zafi. Haka ne, watan huɗu da na biyar a Maraɗi ma'auni na haura 40, ɗaki ba ya kwantuwa, wuta kuma in an ɗauke sai addu'a. To kakanninmu fanka gare su? A yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a ɗaura gidan sauro, a kwanta waje. Kai da ka iya zaman awa huɗu kan benci cikin zafin nan, kwanciya ce za ta gagare ka?

Talauci kuma, ba wanda ya musa. Duk mun ga yadda kasuwa ta yi lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, muka sake gani a 2023 bayan takunkumi, hanyar Dan Isa ta yi tsit, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Masu iyali sun ji jiki, har yau wasu ba su farfaɗo ba. Amma ku gaya mini, wace tiyar hatsi ce ta taɓa saukowa don wani ya kwana ido biyu? Bashin da ke kanka ƙarfe goma na dare, shi ne dai a kanka da asuba. Bambancin kawai, ko ka tashi da kan da zai iya lissafi, ko ka tashi da wanda ba ya iya komai. Barci dai ba a sayar da shi a butik. Yana cikin ƴan abubuwan da suka rage wa talaka kyauta, kuma shi ne muke zubarwa da hannunmu.

Masu cewa damuwa raunin imani ce, ku kam ba ni da dogon zance da ku. A Suratun Naba'i aka ce an sanya mana barci hutu, dare sutura, rana lokacin neman abinci. Kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ba ya son hira bayan isha'i. Kai da asuba ke wuce ka saboda TikTok, kai ne za ka auna imanin wani?

Bar batun wasa. Akwai waɗanda nake tausaya wa da gaske, kuma ba a fada suke ba. Iyayenmu mata ne da matanmu. Ta tashi tun kiran farko, ta dama koko, ta shirya yara lakwal, ta soya ƙosai ko awarar saidawa, ta yi wanki, ta ɗora tukunyar dare. Ita ba ta zaɓi rashin barci ba. Sannan maigida ya shigo ɗayan dare daga fada ya tada ta, wai a ɗumama mishi tuwo. Malam, ka ji tsoron Allah. In ana son a rage wa mace nauyin kai, a bar ta ta yi ƙailular minti 20 bayan azahar ba wanda ya kira sunanta, kai kuma ka dawo gida da wuri. Ƴar'uwa, in kin ji ƙirjinki ya cushe, ki zauna, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Yin haka na sassauta bugun zuciya, kuma ko dala ba ya ci. Wanda kuma ya yi makonni barci ya ƙaurace mishi ko ya kwanta, abinci ba ya shiga, komai ya fita ransa, wannan ya wuce batun shayi. A kai shi likita, kada a tsaya yi mishi wa'azi.

Sauran abin da matar nan ta faɗa duk rassa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Ka taka zuwa kasuwa da sanyin safiya maimakon hawa babur, ka cika. Shayi ba wanda ya ce a daina, Maraɗi ce fa. A sha bayan azahar ko la'asar. Salula a sa ta caji nesa da shimfiɗa. Amma duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda bai kwanta ba. Wa zai yi tafiyar safe bayan ya kwanta uku? Ku kwanta tukuna.

Kuma tunda maganar tafiyar safe ta zo, masu kwararo ruwan wanki da na wanke-wanke cikin lungu, ku ma ina tafe gare ku. Mutum ya fito da fararen kaya zai je masallaci, sai ya yi ta tsalle-tsalle a ƙofar gidanku. Haka mai jar akuyar nan da ake saki kullum da hantsi: ta gama da zogalen da na dasa, yanzu ta koma kan lallen maƙwabciyata. A ɗaure ta, don ni ba na son shari'a gaban mai unguwa kan akuya.