A Kudancin Shikago, Abin da Ke Kusa Shi Ake Ci

Wata dattijuwa maƙwabciyata a kudancin Shikago ta roƙe ni in rage mata hanya zuwa babban kanti, don ba ta da mota. Muna tafe sai ta tambaye ni cikin tausayi: "Ɗana, can wajenku a Afirka mutane na samun abin kaiwa baki kuwa?" Na ce, "Muna samu, Mama." Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda na san abin da ake ci a unguwar nan.

Shagon da ya fi kusa da mu na gidan mai ne. Mai shagon na zaune bayan gilashi mai kauri wanda harsashi ba ya hudawa, ta wata 'yar kafa ake miƙa masa kuɗi. A kan kanta babu komai sai lemon kwalba, biskit, soyayyen dankali na leda, da abincin gwangwani mai ɗan karen gishiri. Ɗanyen tumatir ko albasa kuwa, ko na magani babu. Mai son ganye sai ya hau bas, wani lokaci ya sauka ya hau wata, ya dawo niƙi-niƙi da ledoji cikin dusar ƙanƙara. Uwar da ta taso daga aiki da dare ina za ta iya? Abin da hannunta ya kai shi za ta ba yara. Ita kanta Ma'aikatar Noma ta Amurka tana lissafa unguwannin talakawa da babban kanti ya yi wa nisan fiye da mil 1 a birni, ko mil 10 a karkara. A unguwar Englewood da ke nan kudancin Shikago an buɗe babban kantin kayan abinci na Whole Foods a 2016 ana ta murna, a 2022 ya rufe. Ƙiba da ciwon sukari da hawan jini sun yi katutu a irin waɗannan unguwanni.

Ban ce gida babu wahala ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kwanon shinkafa ya gagari mutane da yawa, taliyar leda kuma ta fara ture tuwo a wasu gidaje. Amma a Kano wa ke neman mota don kayan miya? Ba sai ka je kasuwar 'Yankaba ba, mai baro zai iso ƙofar gida da tumatir da attaruhu, yarinya ta wuce da kwaɗon zogale, ga kuka da busasshiyar kuɓewa a ajiye a ɗaki.

In kuɗi ya yanke ma, mai kayan miya ya san ka, zai ce ka je ka kawo gobe. Maƙwabta suna ciyayya, kwano ya fita, kwano ya shigo. Nan kuwa mutum sai ya shekara bai san ko maƙwabcinsa yana ɗora tukunya ba. Wannan ne ya fi damuna game da 'ya'yana. Ba a taɓa aiken su da kwanon abinci gidan kowa ba, kuma in na yi musu miyar kuka sai sun tambaye ni ko akwai wani abu daban a firiji.