Kalmar sirrin da duk ofis ya sani

Tun da na fara aiki a Holan, duk wanda ya tambaye ni bambancin intanet ɗin ofisoshinsu da namu na gida yana jiran ya ji zancen saurin layi ko rashin ɗauke wuta. Waɗannan suna nan, amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne a nan kowane ma'aikaci da kowane ɗalibi yana da sunansa da kalmar sirrinsa shi kaɗai, kuma ranar da ya bar wurin, ranar ake rufe masa hanya.

Jami'o'in ƙasar nan suna amfani da wani tsarin Wi-Fi mai suna eduroam, wanda a nan Holan aka fara tunaninsa a 2002, yanzu kuma ya bazu a ƙasashe fiye da 100. Ɗalibin Utrecht zai je wata jami'a a Jamus ko Afirka ta Kudu, wayarsa ta hau layi da kanta. Jami'ar da ya baƙunta ba ta ganin kalmar sirrinsa. Tana tura tambaya ne zuwa jami'arsa ta asali, can a tabbatar cewa nasu ne. Idan aka yi ɓarna, an san da asusun wa aka yi ta. Baƙon da ba shi da asusu kuwa layinsa daban, ba ya kusantar kwamfutocin da ke riƙe da albashi ko sakamakon jarabawa.

A gida fa? Ku shiga sakatariyar ƙaramar hukuma, ko makarantar kuɗi, ko ofishin kamfani a Kano ko Kaduna. Sau da yawa kalmar sirrin Wi-Fi guda ce tal, an rubuta a takarda an liƙa a bango, ko tana bakin yaron da ke kula da kwamfutoci. Ɗan bautar ƙasa da ya gama ya tafi bara yana da ita. Wanda aka sallama cikin fushi yana da ita. Mai shagon da ke jikin katanga ma yana da ita. Ita kanta na'urar da ke raba layin, da yawa ba a taɓa canza sunan shiga da kalmar sirrin da ta zo da su daga kamfani ba, kuma kowa zai iya nemo su a intanet cikin minti ɗaya. A kan wannan layin kwamfutar akanta take, a kansa wayar baƙo take.

Ban ɗauki wannan a matsayin jahilci ba. Tarbiyyarmu ce ta bi mu har cikin na'ura. An raine mu a kan cewa rowa abin kunya ne, don haka idan abokin aiki ya ce “ɗan ara min naka in tura takarda”, hana shi yana da nauyi a baki. Sannan ga girman na gaba. Darakta zai miƙa wa sakatarensa kalmar sirrin imel ɗinsa, ya ce a buɗe wa ɗansa layin ofis, kuma matashin da ya karanci harkar ba shi da bakin cewa “ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba”. A nan, ƙaramin ma'aikacin sashen kwamfuta yakan ƙi buƙatar farfesa, farfesan kuma bai ɗauka raini ba ne, domin dokar wurin ce ke magana. Mu kyautarmu da girmama manyanmu ina son su, wallahi, ina kewarsu kullum. Amma bayanan ɗalibai da na marasa lafiya da na masu fansho amana ce, ba a kyauta da kayan amana.

Kada wani ya ɗauka Turawa sun tsira. A ranar 23 ga Disamba 2019 masu kutse sun kulle kwamfutocin Jami'ar Maastricht da ke nan Holan. Tun watan Oktoba suka shiga, ta hanyar saƙon imel na yaudara da aka buɗe, suka yi ta yawo a ciki wata biyu ba a gane ba. Jami'ar ta biya kuɗin fansa kusan Yuro 200,000. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya: a Fabrairun 2020 ta kira taro a bainar jama'a, ta faɗi ta inda aka shigo, da gyaran manhajar da ta yi sakacinsa, da kuɗin da ta biya, don sauran makarantu su toshe tasu ɓarakar.

Wannan ne wurin da nake jin ciwon halinmu. Idan aka yi wa hukuma ko banki kutse a gida, abu na farko rufa-rufa, sai dai a ji a bakin jama'a. Alhali doka tana nan. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin sa'o'i 72 idan bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, daidai da wa'adin da dokar Tarayyar Turai ta ɗiba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin jama'a a intanet, ta nuna cewa akwai shafin da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN da BVN, a kan Naira 100. Hukumar NIMC mai bayar da NIN ta ce ba a fasa rumbun bayananta ba. Ko ma ta ina suka fita, talakan da ya bar kwafin katinsa da lambar wayarsa a shagon kwamfuta don yi wa ɗansa rajistar JAMB shi ne 'yan damfara za su kira, su faɗa masa sunansa da ranar haihuwarsa, ya yarda daga banki ne.

Za a ce ai kuɗi ne. Ban yarda ba gaba ɗaya. Tun da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo Najeriya a 2023, makarantu da ofisoshi da dama sun samu kuɗin kafa ta. Kayan da ake gani da ido ana son sayensu, akwai kwangila, akwai bikin buɗewa. Albashin mutum ɗaya ƙwararre da zai zauna yana lura da layin kullum shi ne ba ya samun gurbi a kasafi. Buɗe wa baƙi layinsu daban, yawancin na'urorin da ke ofisoshinmu suna iyawa ba tare da ƙarin sisi ba. Haka canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, da kunna tabbaci mai mataki biyu a imel (wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba da ke zuwa a waya), da ajiye kwafin muhimman bayanai a faifan da ba ya jone da layi. Amma yaron kwamfuta ba zai iya tilasta ko ɗaya ba. Sai shugaban makaranta ko babban sakatare ya sa hannu a takarda cewa daga yau ba a aron asusu, ya kuma fara da karɓe nasa daga hannun sakatarensa.