Camrail: an dai sauya wa tuwo suna

Tun da Camrail, kamfanin da ke tafiyar da jiragen ƙasa a Kamaru, ya koma hannun sabon ubangida, wasu ke ta cewa jirgin ƙasan Kamaru ya gyaru, a bar tone-tone. Wannan maganar ce ta hana ni yin shiru. A ƙarshen 2022 kamfanin Bolloré na Faransa ya sayar wa MSC, kamfanin jiragen ruwa na Suwizalan, harkokin sufurinsa na Afirka a kan Yuro biliyan 5.7, aka raɗa musu suna AGL. Camrail na cikin kayan da aka yi ciniki. Ba wanda ya nemi jin ta bakin ɗan kasuwar da ke kwana a tarago tsakanin Ngaundare da Yawunde.

Tun 1974 dogo ya iso Ngaundare. A 1999 aka karɓe shi daga Regifercam, hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati, aka damƙa wa Camrail, kuma har yau bai ƙara taku ɗaya ba zuwa Garwa ko Marwa, balle Injamena. Masu kare kamfanin za su ce shimfiɗa dogo aikin gwamnati ne. To, birki fa, aikin wa?

Ranar 21 ga Oktoba 2016 hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke, jama'a suka yi cincirindo a tasha. Sai aka ƙara wa jirgin taragai takwas. Da ya zo gangaren garin Eseka ya kauce daga layi, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka jikkata. Binciken gwamnati ya ce jirgin na gudun kilomita 96 a inda aka ƙayyade 40, an yi masa lodin da ya wuce kima, birkinsa kuma ba lafiya. A 2018 kotu ta samu Camrail da laifi. Waɗannan rayuka ne ake cewa mu manta don an sake tambari.

Ni a ganina ciwon yana cikin tsarin tun farko. Kuɗi na wajen dakon kaya: katako, man fetur, auduga, kwantenonin Chadi. Fasinja kuwa ɗan rakiya ne. Je ka tashar Ngaundare da yamma ka ga tsohuwa zaune a kan ƙullin kayanta, tikiti a ɗaure a bakin zane, tana jiran jirgin dare. Ita ba ta cikin lissafin masu hannun jari, kuma kamfanin da sana'arsa kwantena ce ba shi zai saka ta ba.

Gwamnatin Kamaru na da ɗan kasonta a Camrail, ita ce kuma ta sa hannu a yarjejeniyar. Ta fito da takardar fili kowa ya karanta, ta kuma ɗora wa wani mai zaman kansa duba birki da yawan taragai kafin jirgi ya bar tasha.