Kiɗa na tashi, gawa na faɗuwa

Jama'a, akwai wani salon fim da na daɗe ina son yin magana a kansa, wato fim ɗin 'yan fashi da ake ɗora shi kacokan a kan kiɗa. Ba kiɗan da ake sakawa daga baya don ya raka hoto nake nufi ba, wannan kowane fim yana da shi. Ina nufin wanda waƙar ce ke gaba, labari na binta a baya. Ana buɗe ƙofar mota daidai da bugun ganga, ana taka birki daidai inda mawaƙi ya ja numfashi, harsashi ma ba ya fita sai jita ta ba shi izini. Matasanmu suna son irin wannan, ni ma ina kallo, amma akwai abin da yake damuna da shi wanda ban ji ana faɗa ba.

Duk wanda zai yi wannan zance dole ya tsaya a kan Baby Driver, wanda darakta ɗan Ingila Edgar Wright ya fitar a 2017, domin a nan salon ya kai ƙololuwarsa. Labarin wani yaro ne a birnin Atlanta na Amurka, da ake kira Baby, wanda haɗarin mota ya cinye iyayensa yana ƙarami, ya bar shi da wata ƙara a kunne da ba ta yankewa. Don ya danne ƙarar, kullum iyafis na maƙale a kunnensa. Wani ƙasurgumin mai shirya fashi da ake ce wa Doc yana binsa bashi, sai ya mayar da shi direban da ke tserewa da yaransa in sun gama aiki.

Yabon gwani ya zama dole. Mintunan farko na fim ɗin nan, inda yaron yake zaune cikin jar Subaru a ƙofar banki yana bin waƙa da baki, yana kiɗa da sitiyari da abin share gilashi, sannan ya fizgi motar da baya, aiki ne na mutumin da ya san sana'arsa. Wright ya yi sama da shekara ashirin da wannan tunani a ransa, har ya taɓa gwada shi a bidiyon waƙar wata ƙungiya mai suna Mint Royale tun farkon shekarun 2000. Ya zaɓi waƙoƙin tun yana rubuta labarin, aka nemi izinin amfani da su kafin a kunna kyamara. An ɗauko mai koyar da rawa, Ryan Heffington, ya tsara takun 'yan wasa, shi kuma mai tace hoto Paul Machliss ya riƙa zama da kwamfutarsa a wurin ɗauka yana haɗawa nan take, don a tabbatar kowane motsi ya faɗa kan bugunsa. Yawancin tseren motocin da gaske aka yi su a kan titi. Fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 34 ya dawo da sama da miliyan 220, ya shiga takarar Oscar a rukuni uku, duka na tacewa da sauti, ya kuma ci kyautar finafinan Birtaniya ta BAFTA a rukunin tace hoto. Ban ga wanda zai ce bai cancanta ba.

To amma ku lura da rukunan da ya shiga. Babu na rubutun labari, babu na wasa. Wannan ba haɗari ba ne.

Ku tuna wurin da suka je sayen makamai a wani ɗakin ajiya, ciniki ya ɓaci aka buɗe wuta. An tsara harbin ne ya bi kiɗan wata tsohuwar waƙa mai suna Tequila, kowace ƙarar bindiga ta zama bugu ɗaya a cikin kiɗan. Mutane suna zubewa, kai kuma mai kallo kana gyaɗa kai, ƙafarka na taka ƙasa. Ka fito daga wannan wuri ba ka iya tuna fuskar ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka mutu, amma kiɗan zai kwana a kanka. Abin da ke damuna ke nan. Mai fim ya ɗauki abu mafi muni da ɗan Adam zai yi wa ɗan'uwansa, ya mayar da shi kayan kiɗa, kuma ya yi hakan da gwanintar da ba za ka ma ankara an yi maka ba.

Mu Hausawa bai kamata a koya mana wannan ba. Mun san abin da kiɗa yake yi wa zuciya. Mun san abin da kalangu ke yi wa ɗan dambe, da abin da kiɗan tauri ke sa mutum ya yi da wuƙa a jikinsa. Har makaɗin ɓarayi mun yi, Gambu na ƙasar Kabi, kuma duk wanda ya taɓa sauraronsa ya san cewa daɗin muryar da zalaƙar maganar suna iya sa ka manta na ɗan lokaci cewa wanda ake wa kirarin nan wani ya kwana yana kuka saboda shi. Aikin da waƙa ke yi a finafinan nan shi ne wannan, zuga. Bambancin kawai, a can ɓarawon ake zugawa, a nan mai kallo ake zugawa ya shiga bayan ɓarawo.

Na san amsar da masoya fim ɗin za su ba ni, kuma amsa ce mai ƙarfi. Za su ce ai Wright ya san da wannan, shi ne ma jigon labarin. Yaron yana toshe kunnensa ne don kada ya ji abin da yake taimakawa a aikata. A fashi na biyu, lokacin da Bats, wanda Jamie Foxx ya fito a matsayinsa, ya nufi mai gadin motar kuɗi, Baby ya ɗan matsar da mota gaba don kada idonsa ya gane masa. Da suka zo wucewa sai ga gawar a ƙasa cikin jini. A fashin gidan waya kuma, ya girgiza wa ma'aikaciyar kai don kada ta shiga, ta je ta kira mai gadi, aka kashe mai gadin a gabansa. Daga nan kiɗan ya fara yi masa tawaye, har a ƙarshe Buddy, wani abokin fashinsu, ya harba bindiga dab da kunnuwansa biyu ya ɗauke masa ji. Wannan duk gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ɗaukar fim ɗin da muhimmanci fiye da masu kwaikwayonsa.

Sai dai fim ɗin bai da ƙarfin halin bin wannan hanya zuwa ƙarshenta. Da aka kai yaron kotu, su wa aka kira shaida? Matar da ya ƙwace wa mota amma ya miƙa mata jakarta yana ba ta haƙuri. Ma'aikaciyar gidan wayar da ya gargaɗa. Kurman dattijon da ya riƙe shi. Budurwarsa. Kowa yana cewa yaron kirki ne. Ina matar mai gadin motar kuɗi? Ina 'ya'yan wanda aka harbe a ƙofar gidan waya? Ba su da kujera a kotun, ba su da ko suna a labarin. Aka yanke masa shekara 25 da damar neman sassauci bayan biyar, sannan aka nuna mana shi yana fitowa, yarinya na jiransa jikin mota mai walƙiya, bakan gizo a sama. Hausawa suka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Wanda ya tuƙa motar da ta kai makashi wurin kisa ta kuma tserar da shi, ba kyan zaɓen waƙarsa ne zai wanke shi ba. Fim ɗin ya ɗaga tambayar da kansa, da ta yi nauyi sai ya ƙara sautin kiɗa.

Abu na biyu shi ne mutanen da ke cikin labarin. Idan waƙa ce za ta gaya mana yadda kowa yake ji, marubuci ya huta da gina mutum. Dubi Debora, budurwar Baby, ma'aikaciyar gidan abincin da Lily James ta fito a matsayinta. Me muka sani game da ita? Mahaifiyarta ta rasu, tana son ta kama hanya ta yi yamma a mota tana jin waƙa. Shi ke nan. Yarinyar da ta san saurayi na 'yan kwanaki, ta gano ɗan fashi ne, ta ga ya harbi mutum a wurin aikinta, amma ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta ina za ta ba. Soyayyarsu gaba ɗaya an gina ta a kan hirar waƙoƙin da ke ɗauke da sunayensu. Shi ma Doc, wanda ya yi wa yaron barazana da rayuwar duk wanda yake ƙauna, kwatsam ya ga su biyu tare sai zuciyarsa ta karye har ya ba da ransa dominsu. Babu abin da ya share fagen wannan juyi. Inda na ga mutum na gaskiya shi ne dattijo Joseph da ya riƙe Baby, wanda ɗan wasa CJ Jones, kurma na haƙiƙa, ya taka. Hirarsu da maganar hannu, da yadda yake ɗora tafinsa a kan sifika don ya ji motsin kiɗan, sun fi dukan tseren motocin taɓa ni. Kuma ku lura, a nan ne fim ɗin ya fi yin shiru.

Masu fim na da sun san darajar shirun nan. A 1955 Jules Dassin ya yi Rififi a Faransa, inda ɓarayi huɗu suka fasa shagon gwala-gwalai a Paris ta rufin sama. Kusan rabin sa'a ana wannan aiki, babu magana, babu kiɗa ko ɗis. Sai ƙarar kurfi a kan siminti, da lema da suka zura ta ramin suka buɗe don ta tare ɓaraguzai, da gumin da ke tsiyaya a goshinsu. Kana kallo kana jin tsoron ko tari ka yi za a kama su. A nan sata aiki ce mai wahala da fargaba, kuma ƙarshen waɗanda suka yi ta bai yi kyau ba. Shekara arba'in bayan haka Michael Mann ya yi Heat, da Robert De Niro da Al Pacino. A musayar wutar da aka yi tsakiyar Los Angeles bayan fashin banki, kiɗan ya ɗauke da zarar an fara harbi, kuma Mann ya bar ainihin ƙarar bindigogin da aka naɗa a wurin, tana dukan dogayen gine-gine tana dawowa. Ba ka rawa a wannan wuri. Kana jin yadda mai wucewa da ya fito sayen kayan miya zai ji. Duka biyun finafinan nishaɗi ne, ba wa'azi ba, amma ba su ɓoye maka farashin abin da kake kallo ba.

Ba Amurka kaɗai ba ce. Money Heist na Sifaniya, da ya fara fita a 2017 kafin Netflix ta watsa shi duniya, ya ɗauko Bella Ciao, waƙar da ake danganta ta da 'yan gwagwarmayar Italiya da suka yaƙi mulkin fasisanci, ya sa ta a bakin mutanen da suka tsare bayin Allah 67 a gidan buga kuɗi na Madrid da bakin bindiga. Da waƙa ɗaya aka mayar da masu garkuwa da mutane 'yan ƙwatar 'yanci, har a garuruwanmu yara suka mayar da ita kiɗan kiran waya. Mu da muka san ma'anar garkuwa da mutane a kan hanyoyinmu da ƙauyukanmu, wannan ya isa ya sa mu ɗan dakata. Dhoom na Indiya ma, tun daga 2004, ya gina ɓarawo a matsayin wanda ya fi ɗan sanda kyau da iya rawa, musamman Hrithik Roshan a kashi na biyu. Sai dai su Indiyawa aƙalla suna tsayar da labari su yi waƙarsu a gefe, kowa ya san an shiga hutu. Salon da nake magana a kai ya cire wannan katanga, ya narkar da waƙar cikin kisan kansa.

Ba ina cewa wanda ya kalli fim zai tashi ya ɗauki bindiga ba, ban yarda da wannan sauƙin lissafi ba. Waɗanda suka shiga bankunan Offa a jihar Kwara a watan Afrilun 2018, suka kashe sama da mutum 30 har da 'yan sanda, ba sinima ce ta aike su ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya san yadda fashi yake a zahiri, da ihu da gudu da mutanen da suka fito cire kuɗin cefane ba su koma gida ba, yana da haƙƙin ya tambayi mai fim dalilin da ya sa kullum kyamara take cikin motar ɓarayi, ba ta taɓa kwanciya a ƙasan banki tare da kashiya ba.

Masu kwaikwayon salon nan kuwa sun fi ba ni takaici, domin sun ɗauki dabarar sun bar tunanin. Yanzu da wuya ka ga tallan fim ɗin faɗa da ba a jera ƙarar ɗana bindiga da naushi a kan bugun wata tsohuwar waƙa ba. Sayen izinin waƙar da jama'a suka riga suka so ya fi rubuta fage mai ratsa jiki sauƙi, don mai waƙar ya riga ya yi maka rabin aikin shekaru da suka wuce. Gwajin da nake yi wa irin waɗannan finafinai mai sauƙi ne, kowa zai iya yi a wayarsa. Ka kashe sautin, ka kalli fagen. Tseren farko na Baby Driver yana tsayawa da ƙafarsa ko babu kiɗa, saboda tuƙin gaske ne kuma kana gane inda kowace mota take. Faɗan ƙarshe a wurin ajiye motoci, inda Buddy ya koma dodon da ba ya mutuwa cikin jan haske, ba ya tsayawa. Yawancin na masu kwaikwayo ko minti biyu ba sa kaiwa kafin hannunka ya kai kan maɓallin wucewa.