Kunne Ɗaya Ya Daina Magana? Ba Mutuwa Ba Ce, Suma Ce

Kwanan baya wani abokina ya jawo aljihun teburinsa, sai ga hedifon da iyafis har biyar a cukurkuɗe. Na ce me ya same su? Ya ce duk sun mutu, kunne ɗaya kawai ke magana. Na ɗauki guda na jona, na kunna sauti, na riƙa lanƙwasa igiyar a hankali daga gindin fulogin. Can sai kunnen da aka yi wa ta'aziyya ya yi ƙaras-ƙaras, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Na ce masa, Malam, wannan suma ya yi.

Ra'ayina ke nan, kuma na daɗe a kansa: yawancin hedifon da muke zubarwa lafiyarsu ƙalau. Sifikar da ke ciki ba ta cika lalacewa ba, don ba wani abu ba ce illa maganaɗisu, da ɗan naɗin waya, da wata 'yar leda mai rawa. Igiya ce ke shan wahala. Ita ake naɗewa a yatsa, ita ake fizga, ita ake kwana a kai. Wuri uku take tsinkewa: gindin fulogi, inda ta rabu biyu, da inda ta shiga kan hedifon ɗin. Na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Gyaran kuwa, yanke igiyar ka bar wurin da ya lalace a baya, ka fere robar da reza. Za ka ga silin wayoyi masu launi, galibi ja na dama, kore ko shuɗi na hagu, mai ruwan tagulla kuma shi ne na haɗin gwiwa, wato wanda kunnuwan biyu ke aiki da shi tare. Na ce galibi, don ba kowane kamfani ke bin wannan tsari ba. A nan mutane ke faɗuwa, nima a nan na faɗi karon farko. Na murɗe ja da ja, kore da kore, na naɗe da salatif, na kunna, shiru kake ji. Ashe launin nan wani fenti ne aka shafa wa wayar don kada wuta ta ratsa, muddin yana nan ko kwana za ka yi kana murɗawa ba za su gaisa ba. Sai ka tsoma bakin wayar cikin narkakkiyar dalma har fentin ya ƙone, ko ka ɗan lasa masa wutar laita ka goge baƙin. Akwai kuma wani farin zare a tsakiya da aka sa don ƙarfi, shi ma a datse shi.

Fulogin nan mai kaurin milimita 3.5, idan zobensa baƙi biyu ne, tsininsa na hagu, tsakiya na dama, gindi na haɗin gwiwa. Idan zobe uku ne, akwai makirfo ke nan, kuma tsarinsa iri biyu ne, CTIA da OMTP, bambancinsu kawai an musanya wurin makirfo da na haɗin gwiwa. Kusan duk wayoyin yanzu CTIA suke bi. In ka gama gyara ka ji muryar mawaƙi ta shige rijiya, kiɗa kaɗai ke fitowa, sai ka danna maɓalli ta dawo, to wayar makirfo da ta haɗin gwiwa ka juya.

Kana shakkar ko sifikar ce da kanta? Ɗauki batir mai bolt 1.5, ka ɗan taɓa wayoyinta biyu da shi. In ta ce ƙyas, tana da rai. Mai mitar gwada lantarki kuma ya auna turjiyar sifikar, wadda ake ƙirgawa da om, na yau da kullum za su nuna kusan om 16 zuwa 32, wasu manya irin Sennheiser HD 600 om 300. In mita ba ta motsa ba sam, to nan ne za a yi haƙuri.

Gargaɗi ɗaya, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wayar da ke cikin sifika ta fi gashin kai siranta. Na taɓa barin ƙarfen dalma a kanta ina gyara zama, ban fi ƙirga goma ba, wurin ya narke, naɗin ya rabu. Hedifon da na fi so ke nan, kuma da hannuna na kashe shi. Yanzu taɓawa nake yi in ɗauke, daƙiƙa biyu ko uku.

Wasu ma ba sa buƙatar dalma ko kaɗan. Iyafis da kunne ɗaya ya yi ƙasa-ƙasa, duba ragar bakinsa, dattin kunne ne. Kifa shi ka goge da busasshen buroshi. Babban hedifon da ke zizar ƙuda in bes, wato sauti mai kauri, ya buga, sau da yawa silin gashi ne ya kwanta a kan ledar.

Inda nake rabuwa da wasu abokan harka shi ne batun sauya fasali. Ana tallar igiyoyi masu ruwan azurfa wai suna buɗe sauti. Ni dai na sa aka musanya mini su ina rufe da ido, ban iya bambancewa ba, kuma ban ga dalilin da igiyar da ba ta kai mita biyu ba za ta yi wannan abin al'ajabi ba. Abin da ke sauya sauti da gaske shi ne soson kunne. Mai fata yana toshe iska, bes ya yi kauri. Mai laushin ƙyalle yana barin iska ta fita, bes ya ragu, kunne ya huta da gumi. Ko tsohon soso da ya lotse ka sauya da sabo irinsa, za ka ji kamar wani hedifon aka ba ka. Cusa auduga a bayan sifika ma yana aiki, amma ka yi wa kunne ɗaya tukuna ka kwatanta, don zuciya tana son ta yaba wa aikin hannunta. Sauyin da ban taɓa nadamarsa ba shi ne huda kan hedifon a sa masa soket, igiya ta zama ta cirewa. In ta tsinke, a zare a sa wata.

Abin da ke ba ni haushi shi ne inda aka dosa. Nathaniel Baldwin a teburin kicin ɗinsa ya haɗa hedifon a 1910, sojojin ruwan Amurka suka saya. Hedifon Koss Porta Pro tun 1984 ake yin sa, har yau ana samun sosonsa. Amma tun da iPhone 7 ta fito ba ramin fulogi a 2016, sauran kamfanoni suka bi sahu, sai muka koma ga ƙananan marasa igiya da aka liƙe da gam. Batirinsu na gajiya bayan 'yan shekaru, ba noti balle ka kwance. Waɗannan kam ba na ba kowa shawarar ya farke su da wuƙa, batirin litiyom in aka huda shi wuta yake kamawa.

Na abokin nawa, uku sun tashi a zama ɗaya, ɗaya datti ne kawai. Na biyar mita ta ƙi motsi, sai na yanke igiyarsa na ajiye, don fuloginsa garau yake.