Ƙannena masu garka, ku daina cinye iri

Samari da 'yan matan Tawa da kuka rungumi noman rani a bayan gida, sannunku da ƙoƙari. Sai dai akwai ɗabi'ar da nake gani a wajenku wadda ba ta yi mini ba. Tumatirin da ya fi kyau ku kai shi kasuwa, kuɓewar da ta fara 'ya'ya ku zuba a miya, sai lokacin shuka ya zo ku ruga kanti neman iri na leda.

Ku duba jikin ledar nan. In kun ga an rubuta F1, to irin aure ne. Zubin farko zai yi muku kyau, ba musu, amma 'ya'yansa ba sa gadon uwa, in kun sake shukawa kowane tushe da kamarsa. Kenan kowace shekara sai kun koma da kuɗinku. Kayan aro ba ya rufe katara.

Albasar Galmi da ake lodi daga Madawa da Ƙonni zuwa Gana da Kodebuwa, manoman yankin nan ne suka yi ta zaɓen ta hannu da hannu har ta yi suna. Su kuma masana na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, ɗaki guda suka ware suna adana irin hatsin gargajiya cikin sanyi. Mu da muka gada ne za mu raina?

Zaɓen iri tun a tsaye ake yin sa. Tushen da ya jure rana, bai kama cuta ba, ya yi 'ya'ya da wuri, ku ɗaura masa tsumma, ku gaya wa mutanen gida kada a taɓa. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwa har ta fara tsagewa. Tumatir sai ya nuna tuɓus, a matse 'ya'yan a kwano, a bar su kwana 2 ko 3 yauƙin ya saki, a wanke, a shanya a inuwa. Albasa kuwa haƙuri take so: za ku ajiye ƙwayar da ta fi tauri har sanyi ya dawo, ku sake dasa ta, ta yi fure, sannan ku samu iri. Kuma irinta ba ya daɗewa, in ya wuce shekara rabinsa sai ya ƙi tsira. Kabewa iri biyu kada ku haɗa su wuri ɗaya, zuma za ta gauraya muku su.

In ya bushe ƙayau, a cuɗa da toka ko garin ganyen bedi, a zuba a kwalba, a rufe gam, a rubuta suna da shekara. Ban da ɗakin kwano mai zafi.

Wanda ba shi da na farawa, ya je wajen Inna ko Kaka. Da wuya a rasa ƙullin gurguzu ko na tonka a ƙasan tukunyarsu. Ku tambaye su daga wane gari aka kawo shi, da watan da suke shuka shi, ku rubuta a jikin kwalbar.